Makullin Motar Baba: Abin da Wasannin Barkwancin Amurka Suka Nuna da Abin da Suka Rufe

A farkon shekarar 1973, tashar talabijin ta ABC a Amurka ta nuna wani kashi na shirin barkwancin nan mai suna The Brady Bunch, wanda idan ka ji labarinsa a dunƙule sai ka ce ai ba komai a ciki. Greg, babban ɗan gidan, ɗan makarantar sakandare, ya ɗauki motar gida tare da ƙanensa Bobby. Da suka dawo sai bakin Bobby ya suɓuce, ya faɗa wa iyayensu cewa saura ƙiris su yi hatsari a babban titi, saboda Greg yana tuƙi yana karanta bangon wani faifan garmaho da ya saya. Iyayen suka yanke masa hukunci: ba shi ba tuƙi har mako guda. Shi kuwa yana da budurwa mai suna Rachel, yana so ya kai ta kallon wasan mawaƙa, tikiti kuma sai an je an sayo. Sai ya ari motar abokinsa ya tafi. Da asiri ya tonu, Greg bai yi musu ba. Cewa ya yi shi bai karya doka ba, domin motar gida aka hana shi tuƙawa, ba a ambaci motar wani ba.

Mahaifin, Mike Brady, bai ɗaga murya ba. Ya amince cewa daga yau a bi kalma yadda aka furta ta, ba ƙari ba ragi. Nan fa Greg ya gane ya haƙa wa kansa rami. Duk wani alkawarin da ya taɓa yi da fatar baki, na aikin gida ko na rakiya, sai aka riƙe shi a kai. Cikin alkawuran har da kai ƙannensa Peter da Bobby gasar tsallen kwaɗi, a daidai daren da ya shirya fita da Rachel. Ƙarshenta dai wasan mawaƙan ya wuce shi, ya kai ta siliman da ake kallo daga cikin mota, kwaɗin da aka manta a bayan motar suka fito suka yi ta tsalle a kanta da kan abincin da suka saya. Aka yi dariya, shiri ya ƙare.

Wannan labari na matashi da aron motar gida ya zagaya shirye-shiryen barkwancin iyali da dama da Amurka ta yi tsakanin shekarun 1950 da 1970. Shekaru goma kafin Greg, akwai Wally na shirin Leave It to Beaver, wanda aka nuna daga 1957 zuwa 1963. Shi ma ya samu aron sabuwar motar mahaifinsa Ward lokacin da iyayen suka yi tafiya, ya tsaya taimakon abokinsa Lumpy da motarsa ta mutu, garin turawa fitilar gaba ta fashe, ya shiga faɗi-tashin gyarawa kafin masu gida su dawo. Maimaituwar abin ta isa ta sa mutum ya tambaya: me ya sa mota? Gida irin na Brady da ke da 'ya'ya shida bai rasa abin rigima ba. Me ya sa marubuta ke komawa kan makullin nan kamar kaza da wurin da ta saba tono?

Amsar farko tana cikin yadda aka gina garuruwan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin da suka dawo sun samu rancen gida mai sauƙi, kamfanoni kuma suka shiga sare gonaki a bayan gari suna jera gidaje iri ɗaya. Unguwar Levittown da aka fara a 1947 a kusa da New York ita ce zakaran gwajin dafi, gidaje sama da 17,000 a wuri guda. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka haɗa jihohi, kimanin mil 41,000. A Los Angeles, yankin da aka ɗauki shirin Brady, ƙananan jiragen ƙasa na cikin gari sun daina aiki kwata-kwata a 1963. Sakamakon shi ne unguwar da ba kasuwa a kusa, ba shago a bakin layi, ba dandali, ba mai babur ɗin haya da za ka ɗaga wa hannu. Yaron da ya tashi a irin wannan unguwa, in ba mota, a ɗaure yake ko da ƙofar gida a buɗe take. Saurayi a Fagge ko Tudun Wada zai iya takawa zuwa zance ya dawo ba tare da ya nemi komai a hannun mahaifinsa ba. Takwaransa na bayan garin Los Angeles sai ya bi ta aljihun babansa.

Sannan ga yawan matasan. Daga 1946 zuwa 1964 an haifi yara kimanin miliyan 76 a Amurka, kuma 'yan farinsu sun cika shekara 16 a 1962. Shekara 16 ita ce lokacin karɓar lasisin tuƙi a mafi yawan jihohi (a Najeriya sai mutum ya kai 18), makarantun sakandare na gwamnati kuma suna koyar da tuƙi a cikin darussansu. To amma motocin ba su kai yawan masu lasisin ba. Ƙidayar 1960 ta nuna fiye da rabin gidajen ƙasar mota ɗaya tak suke da ita, kusan gida ɗaya cikin biyar kuma ba shi da ko ɗaya. Mota ɗaya, wadda maigida ke zuwa aiki da ita, uwargida ke cefane da ita, ga kuma saurayi mai sabon lasisi yana zagaye ta da daren Juma'a. Marubucin wasa ba ya buƙatar ƙirƙirar rigima a nan. A daidai wannan lokaci kuma talabijin ta shiga kusan gida tara cikin goma, don haka masu kallon suna ganin gardamar da suka gama yi a teburin abincinsu ce ake maimaita musu.

Amma ni a ganina dalilin da ya fi ƙarfi shi ne abin da makullin ya zama a hannun uba. Uban da waɗannan shirye-shirye suka zana ba ya duka, ba ya zagi, ba ya korar ɗa daga gida. Ward Cleaver yakan kira ɗansa ɗakin karatu ya yi masa nasiha. Mike Brady, mai zanen gine-gine, haka yake yi. Ba gona ko shagon da yaron zai gada har ya ji tsoron a cire shi, ba kawu ko baffa a kusa da za a kai ƙararsa, matar aure ma shi zai nemo da kansa. Kuɗin kashewa kuwa yana iya samu ta yankan ciyawar maƙwabta ko aiki a gidan mai. Abu guda ya rage wanda yaron ke matuƙar so, ba zai iya saya da kansa ba, kuma uban na iya miƙawa ko ya janye a cikin daƙiƙa ɗaya. Makullin mota shi ne linzamin da ya saura. Shi ya sa hukuncin da ake yawan yankewa a shirye-shiryen nan shi ne zaman gida da hana mota, kuma shi ya sa lokacin da uba ke miƙa makulli yake ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfin ɗan ƙarfen: ana ba yaro amana ne a gaban shaidu, tare da sharaɗi.

Doka ma tana bayan wannan tsoro na uba. A Kalifoniya, yaron da bai kai 18 ba sai mahaifi ko mahaifiya ta sa hannu a takardar neman lasisinsa, wanda ya sa hannun kuma yana ɗaukar alhakin ɓarnar da yaron ya yi da mota. A wasu jihohi irin su Jojiya da Karolina ta Arewa, kotuna suna bin ƙa'idar cewa wanda ya ajiye mota don amfanin iyalinsa shi za a kama idan wani ɗan gidan ya yi ɓarna da ita. Kamfanonin inshora kuma sukan ɗaga kuɗi da zarar an ƙara sunan saurayi matashi a takarda. Idan ka ga Ward yana jan ƙafa kafin ya ba Wally mota, ba rowa ce kawai ba. Sunansa da dukiyarsa ne za su fita titi a hannun ɗan shekara 17.

A nan ne labarin Greg ya fi sauran wayo, kuma na fi jin daɗin tsayawa a kansa. Rigimar ba ta tsaya kan motar ba, ta koma kan magana: me ake nufi da umarni? Greg ya tsaya a kan lafazi, Mike ya tsaya a kan manufa. Duk wanda ya taɓa renon yaro ya san wannan shari'a. Ka ce kada ka je gidan wane, ya je ƙofar gidan ya tsaya ya ce ai bai shiga ba. Abin da Mike ya yi shi ne ya bar yaron ya ɗanɗana irin duniyar da yake nema, duniyar da kowace magana takardar yarjejeniya ce, ba a yi wa kowa uzuri, ba a fahimtar kowa. Cikin kwana biyu Greg ya ga ba za ta zaunu ba. Gida yana tafiya ne a kan abubuwan da ba a faɗa ba amma kowa ya sani, kuma wanda ya fi cin moriyar wannan sassauci shi ne yaron da kansa, tunda shi ya fi kowa yin alkawarin da bai cika ba. Akwai ƙarin armashi idan aka tuna lokacin. A 1971 aka rage shekarun zaɓe zuwa 18, ana ɗibar samari zuwa yaƙin Biyetnam, ɗalibai suna zanga-zanga suna tuhumar manya da faɗin abu ɗaya suna aikata wani. Shirin Brady bai taɓa ambaton yaƙin ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko tawayen 'ya'ya ga iyaye, wanda ya cika titunan ƙasar, ya ƙanƙanta shi har ya zama gardama kan ko "mota" tana nufin "motarmu", ya kuma ba uba nasara cikin ruwan sanyi.

Wannan ƙanƙantawa ita ce sana'ar. Shirin rabin awa ne, idan aka cire tallace-tallace saura minti 25 ko kusa da haka. Dole matsala ta taso, ta yi tsami, a warware ta, kowa ya koma inda yake domin mako mai zuwa a fara daga wuri ɗaya. Masu kallon Samanja a talabijin ta Kaduna sun san wannan tsari: duk abin da ya faru yau, gobe Samanja yana nan yadda ka san shi. To ɓarnar mota ta dace da wannan awo kamar an gwada. Fitila ta fashe, bamba ta lotse, batir ya mutu, fenti ya goge. Ɓarna ce da ido ke gani, tana da farashi, bakanike na iya gyara ta kafin Lahadi, kuma tana buɗe ƙofar abin da marubutan suka fi so, wato ɓoye-ɓoye. Yaro zai tara kuɗin da ya ajiye, ya roƙi ƙanensa ya rufa masa asiri, ya faka motar ta ɓangaren da uban ba zai gani ba. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, musamman idan minti 25 aka ba shi.

Amma a nan ne kuma nake da ƙorafi. A 1972, shekarar da ta gabaci nuna wannan kashi na Greg, mutum sama da 54,000 ne suka mutu a hatsarin mota a Amurka, adadin da ƙasar ba ta taɓa kaiwa ba kuma ba ta sake kaiwa ba. Ya kusa yawan sojojin Amurka da suka mutu a duk tsawon yaƙin Biyetnam, wato kimanin 58,000. Matasa suna cikin waɗanda abin ya fi ci. Sai a 1968 aka wajabta wa kamfanoni sa bel a sababbin motoci, kuma ba jihar da ta tilasta wa mutane ɗaura shi sai New York a 1984. Yaron da ke karanta bangon faifai a babban titin Los Angeles, da ƙanensa a gefe, ba abin dariya yake yi ba. Duk da haka mai kallo ya ji labarin ne daga bakin Bobby, a cikin gida, kowa lafiya lau, kafin a ankara kuma an bar maganar hatsarin an koma maganar lafazi da kwaɗi. Laifin da aka hukunta da gaske a ƙarshe shi ne wayon baki. Sakacin da ka iya kashe mutum biyu mako guda kawai aka yanka masa.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalili. Shirin dariya ne na daren Juma'a da ake yi don yara da iyayensu, kuma tashoshin suna bin ƙa'idar ɗa'a da ƙungiyar masu gidajen watsa shirye-shirye ta kafa tun 1952. Sannan kamfanonin mota suna cikin manyan masu talla a talabijin, su ne kuma ke ba shirye-shirye motocin da ake gani. Doguwar motar iyali da Carol Brady, matar Mike, ke tuƙawa, irin wadda muke kira wagon, Plymouth ce ta kamfanin Chrysler, Mike kuma yana yawo da mota mai buɗaɗɗen sama da ake sauya masa lokaci zuwa lokaci. Ba wanda zai ba ka sabuwar mota don ka nuna ta a murƙushe da jini a kujera. Ba na cewa wani ya zauna ya ba marubuta umarni. Wanda ya san inda tuwonsa ke fitowa ba ya buƙatar a gaya masa.

(Robert Reed, wanda ya fito a matsayin Mike, ya yi suna wajen rubuta wa mai shirin, Sherwood Schwartz, dogayen takardun ƙorafi cewa labaran sun yi wauta kuma ba su yi kama da rayuwa ba. Rigimar ta kai har bai fito a kashin ƙarshe na 1974 ba. Uban da Amurka ta ɗauka abin koyi shi ne ya fi kowa rashin yarda da gidan.)

Akwai wani abu da motar ke ɗauke da shi wanda shirin ya san da shi, iyaye masu kallo ma sun sani, amma ba a furta shi. Mota ɗaki ce mai ƙofa huɗu da ke tafiya nesa da idon manya. Siliman kallo daga cikin mota, wanda aka fara a New Jersey a 1933 kuma ya haura 4,000 a faɗin ƙasar a ƙarshen shekarun 1950, ya yi suna a matsayin wurin keɓewar samari da 'yan mata. Saurayi da budurwa a mota, da dare, a irin wannan wuri: kowane babba ya san abin da ake tsoro. Sai marubutan suka zuba kwaɗi a tsakaninsu. Dabara ce mai kyau ƙwarai, domin ta kai mai kallo bakin abin, ta kuma janye shi da dariya kafin kowa ya ji kunya a gaban 'ya'yansa.

'Yan mata fa? Kusan kullum ɗa namiji ne ke neman makulli, yarinya ita ake zuwa ɗauka. Sai a zangon ƙarshe, farkon 1974, aka ba Marcia, babbar 'yar gidan Brady, nata labarin: ta rikice a jarrabawar tuƙi, Greg yana yi mata ba'a cewa mata ba su iya tuƙi ba, aka shirya musu gasa da ƙwai a kan wata alamar hanya don a ga wanda zai tsaya kusa da shi ba tare da ya fasa ba. Greg ne ya fasa. Watanni kaɗan kafin nan Billie Jean King ta doke Bobby Riggs a wasan tanis da duk ƙasar ta kalla a matsayin karawar mace da namiji, don haka iskar lokacin ce ta kaɗo. Sai dai ko a nan, abin da aka tattauna shi ne ko ta iya, ba ina za ta je ba.

Lokacin da aka nuna wannan gasa, duniyar da ta haifi labarin ta fara tsagewa. A Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka fetur, layuka suka cika gidajen mai, galan ya tashi daga ƙasa da santi 40 zuwa sama da 50, a Janairun 1974 kuma aka taƙaita gudu zuwa mil 55 a awa. Shirin Brady ya tsaya a watan Maris na wannan shekara bayan kashi 117, ba tare da ya taɓa shiga sahun shirye-shirye 30 da aka fi kallo ba. Sunan da ya yi daga baya ya same shi ne ta maimaici, lokacin da yaran da ba a haifa ba sa'ad da aka ɗauke shi suka riƙa kallonsa bayan an tashi makaranta. Da aka zo 1998, shirin That '70s Show ya buɗe da wannan labari dai, amma yanzu da murmushin wanda ya san abin ya wuce: Red Forman ya sayi ƙaramar Toyota saboda tsadar mai, ya ba ɗansa Eric tsohuwar motar gida ƙirar Vista Cruiser da sharaɗin kada ya fita gari da ita, Eric kuwa ya kwashi abokai sai birnin Milwaukee kallon mawaƙi, batir ya mutu a hanya.

Daga baya doka ta karɓi wani ɓangare na aikin da uba ke yi da makulli. Florida ta fara tsarin lasisi mataki-mataki a 1996, sauran jihohi suka bi, inda ake hana sabon direba matashi tuƙin tsakar dare, a wurare da yawa kuma a taƙaita masa ɗaukar sa'anninsa. A ƙarƙashin dokar Kalifoniya ta yau, Greg mai sabon lasisi ba zai iya ɗaukar Rachel su biyu kaɗai ba a shekararsa ta farko. Matasan ma sun rage ɗoki. Masu bincike a Jami'ar Michigan sun gano cewa a 1983 kashi 46 cikin ɗari na 'yan shekara 16 suna da lasisi, a 2014 kuwa bai kai kashi 25 ba. Tikitin da Greg ya karya doka don ya je ya sayo, yau daga kan gado ake sayensa, kuma idan uba a Amurka yana so ya ladabtar da ɗa, wayar hannu yake fara miƙa hannu ya karɓa.